Ciwon hantsar tunkiya da ke ɓuya cikin nono

Sau da yawa mukan ga tunkiya lafiya lau, tana cin abincinta, amma ɗanta ba ya girma. Sai mu ce ƙarancin harawa ne. Alhali wani lokaci matsalar tana cikin hantsa.

Kowane nono yana ɗauke da wasu ƙwayoyin jikin dabbar, waɗanda ido ba ya gani. Galibinsu fararen ƙwayoyin jini ne, wato dakarun da ke yaƙar cuta. Idan ƙwayar cuta ta shiga ta kan nono, jiki sai ya turo su da yawa. Shi ya sa likitocin dabbobi ke ƙirga su. A tunkiya mai lafiya, yawanci ba su kai 500,000 ba a mililita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biyar na cokalin shayi. In sun haura miliyan 1, akwai zargin ciwo, ko da hantsar ba ta kumbura ba kuma nonon fari ne tas.

Sai dai a kula: adadin yakan hau da kansa a kwanakin dakashi, da dab da yaye, da kuma a tsofaffin tumaki. Don haka ake gwada ɓangarorin hantsar biyu, kowane daban, a kwatanta.

Asarar kuwa a fili take. Nono yana raguwa, ɗan rago yana tsumburewa, kuma shi ne muke sa rai da shi a kasuwar Layya. Masu tatsa su ma sukan ga cuku ya ragu.

To, yaya za mu gane a ƙauye? Akwai gwaji mai sauƙi, CMT, da za a iya tambayar ma'aikacin kiwo. Ana haɗa nono kaɗan da wani ruwan magani a faranti. In ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ƙwayoyin sun yi yawa.

Mu ma muna da namu aikin. Mu riƙa shafa hantsa muna neman tauri ko zafi. Mu share garke, musamman da damina. Mu wanke hannu kafin tatsa. Mu duba bakin ƴan raguna, don ƙurajen baki na jawo rauni a kan nono.

In hantsa ta yi zafi ko ta fara baƙi, a kira likitan dabbobi a ranar. In an yi allura, kada a sha nonon sai kwanakin da ya faɗa sun cika.