Daga Wurno Zuwa Rara a Motar da Muka Cire wa Kujeru

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota da ake ƙerawa da gado da murhun gas da firji da makewayi duk a cikinta. Idan hutu ya zo, magidanci ya kwashi iyalinsa su yi makonni suna ratsa gonakin masara da alkama. Inda dare ya yi musu, su shiga filin da aka tanada domin irinsu, su biya kuɗi, a jona musu wuta da ruwa. Babban ɗana ne ya ga hotonta a waya, ya dame ni da tambayar me ya sa mu ba mu da ita. Kafin in buɗe baki Inna ta riga ni: "Mi za a yi da ɗaki bisa taya, jikana? Mutane ba su ƙare ba."

Gaskiyarta. Wanda ba shi da kowa a hanya shi ke jan ɗakin kwanansa a baya. Mu da ke da gwaggo a Wurno, da aminin mahaifinmu a Goronyo, da gidan kakanni a Rara, idan aka ji mun kwana a mota, sai an shekara ana yi mana gori. Duk da haka tambayar yaron ta tsaya mini a rai, domin 'ya'yana haifaffun birnin Sakkwato ne, shinkafa a buhu suka san ta, ruwa kuma a famfo. Da hutun makaranta ya faɗo cikin sanyin hunturu, sai na roƙi ƙanena da ke haya da Hiace ya ba mu aron kansa da motarsa.

Kujerun baya muka kwance, muka shimfiɗa tabarma da katifa don Inna ta miƙe ƙafa. Uwargida ta loda tukunya da kurfoti da buhun gawayi, da jarkokin ruwa, da butoci, da gidan sauro, sai tsarabar da ba a shiga ƙauye babu ita: sukari, ganyen shayi, sabulu, goro, da turamen atamfa. A wajen yara wannan ita ce motar gidan da suke mafarki, kuma ban musa musu ba.

Da an bar Sakkwato ta gabas aka nufi Achida, tudu ne ke fara tarbar mutum. A wannan lokaci an riga an yi kaka, gonakin gero da dawa sun koma fili, sai kara a tsaye da shanu suna kiwo a ciki, makiyayi na samun harawa, mai gona na samun taki. Rumbunan laka masu hular ciyawa sun yi layi a bakin kowane ƙauye. Auta ta ɗauka ɗakunan yara ne. Inna ce ta yi mata bayanin yadda ake jera damman gero a ciki, a riƙa zaro na ci ɗaya bayan ɗaya har damina ta zagayo, da yadda ake gane ƙarfin gida da yawan rumbunansa. Raƙuma muka yi ta wucewa ɗauke da kara da buhuna. A ƙasar nan raƙumi har huɗa yake yi.

Wurno ce ta ci mana lokaci, kuma ta cancanta. Garin yana bisa tudu, yana kallon fadamar Gulbin Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, shi ya kafa shi ya zama ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, ya zauna a cikinsa, a nan kuma ya rasu a 1837. Hubbarensa na nan ana ziyarta. Ɗansa Aliyu Babba ma a Wurno ya fi zama lokacin sarautarsa, kuma a zamaninsa ne Bajamushen nan Barth ya sauka garin a 1853. Na lura yara sun fi natsuwa da jin wannan a tsaye a gaban hubbare fiye da yadda suke ji a aji.

Amma abin da ya kama idonsu yana ƙasa, a fadama. Daga tudun da ya bushe ƙurmus, sai ga kore shar har iyakar gani: albasa, tafarnuwa, alkama, shinkafar rani, tattasai, duk a cikin fangali-fangali, ruwa na bin lambatu. Ƙarar injin ban-ruwa ba ta yankewa. Mijin gwaggo ya tuɓe wa yaran takalma ya sa su cikin laka, ya nuna musu yadda ake fasa bakin fangali da fartanya ruwa ya shiga, a toshe, a wuce na gaba. Ya nuna musu bambancin aikin albasa da na tafarnuwa: ita albasa sai an yi renon iri sannan a yi dashe, tafarnuwa kuwa sala-sala ake ɓare ta a dasa, kuma sanyi take so, shi ya sa wanda ya makara ya yi asara.

Na tambaye shi riba. Ya yi dariya. "Albasa ba ta da amana, ɗana. Ran da kowa yac cire, ran nan ta ka faɗuwa. Mai rudu shi ka cin kasuwa." Rudu shi ne rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa sama da ƙasa a zuba albasa iska na ratsa ta, a jira farashi ya tashi cikin damina. Sai dai jiran ma caca ne, domin wani kaso yana ruɓewa, kuma wanda ya ci bashin taki da mai ba shi da halin jira. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin shayar da gona ya zama babban ciwon kan masu noman rani. Wasu sun mayar da injinansu na gas, masu hali sun sa na hasken rana. Dillalan da ke loda manyan motoci zuwa kudu, a ganina, sun fi wanda ya kwana cikin laka morar wannan albasa, kuma na faɗa wa yaran haka ba tare da sakaye ba.

Daren nan a zaure da tsakar gida muka baje, bayan tuwon shinkafa da miyar sure. Kurfotin da muka ɗauko ko sauke shi ba a yi ba. Gwaggo cewa ta yi idan aka kunna shi a gidanta, an zage ta.

Goronyo wurin madatsar ruwa muka je. An tare Gulbin Rima ne da bango mai tsawon fiye da kilomita 12, aka gama aikin a 1984, kuma tafkin na iya ɗaukar ruwa sama da mita-kubik miliyan 900. Daga nan ake sako ruwan da ke raya fadamun ƙasa da shi a lokacin rani, shi ne kuma ke gangarawa har inda ake tace wa birnin Sakkwato ruwan sha. Na ce wa babban ɗana, ruwan da kake bari yana zuba a famfo, ga gidansu. Madatsar tana da fuska biyu. A damina ta 2010 ruwa ya yi yawa, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma tafkin ya janye har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma, hankalin kowa ya tashi. Mun sayi soyayyen kifi a hannun matan masunta, muka ci a cikin mota.

Ba zan ɓoye wa mai karatu abin da ya tsara mana tafiyar nan ba. Ba mu taɓa tashi ba sai rana ta ɗaga, ba mu kuma bari la'asar ta same mu a hanya ba. Kafin kowane tashi sai ƙanena ya kira 'yan'uwansa direbobi a tasha ya ji labarin hanya. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga sun afka wa kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. A 2018 harin Tabanni a ƙasar Rabah ya kora jama'a da yawa gudun hijira zuwa Gandi. Dajin Gundumi da ke gabas, wanda Barth ya ratsa dare da rana ba hutu don tsoron mahara, yau ma sunansa kawai ake ambata a yi shiru. Akwai gonakin da masu su suka daina zuwa, akwai kuma inda sai an biya 'yan ta'adda kuɗi kafin a yi girbi. Saboda haka ko da an ba mu waccan mota ta Turawa kyauta, babu mai hankalin da zai kwana da iyali a bakin daji a yankin nan yanzu.

A Rabah mun ɗan tsaya don yara su ga mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka naɗa hakimin garin a 1934, tun kafin siyasa ta kai shi Kaduna. Daga nan sai Rara.

Tun daga bakin gari Inna ta tashi zaune ta fara kiran sunayen gonaki da masu su, rayayyu da matattu. Ba mu gama fitowa daga mota ba aka kawo fura da nono a ƙwarya, ga hoce. Tsofaffi suka kama gaisuwa: "Kun taho lahiya? Ina gajiya? Waɗanga su na ɗiyan naka?" Kawu ya buɗe rumbu ya sa babban ɗana ya shiga ya miƙo damin gero, mata suka sussuka, suka sheƙe, suka surfa, yarinyata ta karɓi taɓarya ta gwada har tafinta ya yi kanta. Da dare aka ci tuwon geron da suka ga fitowarsa daga rumbu. A dawowa katifar Inna bisa buhuna aka shimfiɗa ta: gero da wake daga Rara, albasa da tafarnuwa daga Wurno, da kaji a kwando suna ta kuka har Sakkwato.

Ga magidancin da ke birni alhali tushensa na ƙauye, shawarata ita ce ya kai yaransa tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da rumbu ke cike fadama kuma ke kore. Ya tambayi mutanen gari halin hanya kafin ya tashi, ya yi tafiyar rana, kada kuma ya je hannu rabbana. Hukumomi kuwa, abin da manoman Wurno da Rabah da Goronyo suka fi roƙo a bakin duk wanda na zanta da shi bai wuce a tsare musu hanyar gona ba.