Sikarin da Ke Juya Sojojin Jiki

Tun asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana Tudun Wada, Zariya, kafin ya koma Shika a 2005, akwai maganar da masu jinya ba sa son ji daga ɗakin gwaji: "Jininku bai zo ɗaya ba." Mutum ya miƙa hannu a ɗebi leda ɗaya a ƙara wa ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, a ce ba zai yiwu ba. Abin da ya raba su sikari ne.

Wannan sikarin ba ruwansa da shayi ko ciwon suga. Wasu 'yan sarƙoƙi ne da jiki ke ɗaura wa ƙwayoyinsa, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa shanunsa. Mai jinin A da mai jinin B sun bambanta ne da ƙwayar sikari guda a bakin sarƙar, mai jinin O kuwa ba shi da ko ɗaya cikin biyun. Da sojojin jiki sun ga baƙuwar shaida, sai su far mata. Karl Landsteiner ya gano rukunan jinin a 1901, aka ba shi kyautar Nobel a 1930.

Su kansu sojojin da nasu sikarin. IgG, sojan da ya fi yawa a jini, yana da siffar gwafa: rassa biyu na cafke ƙwayar cuta, gindin kuma yana kiran masu kashe ta. A gindin nan sarƙar sikarinsa take, kuma ita ke saita ƙarfin kiran. In babu wani sikari mai suna fukos, kiran na iya ninkuwa har sau 50.

A 1985 masana a Oxford ta Ingila suka gano cewa masu wani nau'in amosanin gaɓɓai na da ƙarancin wani sikari mai suna galaktos a gindin IgG. Mace mai wannan ciwo in ta sami juna biyu, galaktos ɗin kan ƙaru, sau da yawa gaɓɓan su lafa har sai bayan haihuwa.

Masu haɗa magani sun ɗauki darasi. A 2012 Japan ta amince da mogamulizumab, maganin wani nau'in sankarar jini, wanda da gangan aka ƙera sojojinsa babu fukos.