Daga Apapa Zuwa Kainji: Ina Jiragen Ruwan Fasinjanmu?

Daga Wakilinmu a Kontagora

'Yan'uwa mazauna Ikko, musamman masu neman abinci a Apapa, ko kun san cewa a tashar nan da kuke ganin kwantena da tankokin mai, a da can fasinja ne ke hawa jirgin ruwa zuwa Ingila?

Kamfanin Elder Dempster ne ke da jiragen, watau Accra da Apapa da kuma babbansu Aureol, wanda aka ƙera a Gilasgo ya fara aiki a 1951. Farin jirgi ne mai ɗakunan kwana da zauren cin abinci. In ya tashi daga Ikko sai ya ratsa ta Gana da Saliyo da Las Palmas, ya yi kusan mako biyu kafin ya isa Libaful. Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati masu tafiya hutu ko kwas duk shi suke bi.

To, da jirgin sama ya zo yana cinye tafiyar a yini guda, sai ciniki ya faɗi. A 1972 aka mai da zangon Aureol zuwa Sautamtan, a 1974 kuma ya yi tafiyarsa ta ƙarshe. Wani attajirin Girka ya saye shi, aka kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata, daga baya a 2001 aka farfasa shi a Indiya.

Abin lura a nan shi ne, mutanen Sautamtan ba su naɗe hannu ba. Garin da Titanic ya tashi daga cikinsa a 1912 ya koma babbar tashar jiragen yawon shaƙatawa. Mutum ya biya kuɗi sau ɗaya, ci da kwana duk a ciki, jirgi ya zaga da shi ƙasashe ya dawo da shi inda ya ɗauke shi.

Mu fa? Allah bai hana mu ruwa ba. Yamma da Kontagora ga Tafkin Kainji nan shimfiɗe har Yawuri tun da aka gama madatsar ruwa a 1968, ga gandun namun daji a gefensa. Ga kuma Baro a bakin Kwara, inda aka ja hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1911, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tasharta a 2019.

Amma kafin a yi zancen shaƙatawa, sai an tsare rai tukuna. A watan Mayun 2021 wani jirgin katako da ya tashi daga Jihar Neja zuwa Wara a Jihar Kebbi ya nutse da mutane masu yawa. Lodi fiye da ƙima, da tsufan jirage, da kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar ruwa, su ne ke cinye mana jama'a.

Saboda haka muna kira ga attajiranmu na kurmi da su tuna da gida, su sa jari a jirage masu inganci, hukuma kuma ta tsaya a kan doka. Kai kuma ɗan'uwa, in ka zo ganin gida da salla za ka ƙetare ruwa, kada ka shiga jirgin da ya cika, kuma ka nemi rigar ruwa kafin a tashi. Allah ya kiyaye hanya, amin.