Ko Ka Sani? Ma'aikatan Ɓoye da Ke Tsare Ran Kifi a Kwami

Ko ka san cewa sabon kwamin siminti, wanda aka cika da ruwan burtsatse garai-garai, ya fi tsohon kwami mai santsi da gansakuka haɗari ga kifi? Duk mai kiwon tarwada a bayan gida, a Birnin Kudu ne ko a Gwaram, in bai gani a wurinsa ba ya ji a wurin maƙwabci. A zuba 'ya'yan kifi suna ta walwala, kafin mako biyu sun ƙi abinci, sun taru a saman ruwa, gari na wayewa a kwashe matattu. Sai a ɗora laifi kan mai sayar da iri ko kan abincin, wani ma ya ce kambun baka ne. Sau da yawa kuwa ba ko ɗaya. Wasu ma'aikata ne ba su kai ga tarewa a kwamin ba.

Kifi a ruwan da yake numfashi yake zubar da dattinsa. Mafi muni a cikin dattin shi ne amoniya, sinadarin nan mai zarni da ke bugun hanci a akurkin kaji, kuma mafi yawansa ta jan naman da kifi ke numfashi da shi yake fita. Masana kiwon kifi na lissafa cewa kilo guda na abinci yana barin kimanin giram 30 na amoniya a ruwa. A kogi ko tafkin fadama yawan ruwa yana shanye wannan. A kwami kuwa babu inda za ta je. Ga ƙarin matsala: dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi, yana kuma ƙaruwa idan ruwan ya karkata zuwa ɓangaren kanwa, wanda shi ne ainihin abin da ɗanyen siminti ke yi masa. Haɗa sabon kwami da zafin watan Afrilu na kudancin Jigawa, ka ga abin da ɗan kifi mai tsawon yatsa yake fama da shi. Don ma tarwada ce, mai iya leƙowa ta shaƙi iska. Karfasa ba ta da wannan gatan.

Masu ceton su ne wasu bakteriya da ido ba ya gani, waɗanda amoniya ce abincinsu. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware su a birnin Zurich a 1890. Rukuni na farko, irin su Nitrosomonas, suna mayar da amoniya ta zama naitirait. Ita ma guba ce: tana shiga jinin kifi ta mayar da shi ruwan ƙasa-ƙasa, ya kasa ɗaukar iskar oksijin, kifi ya shaƙe alhali yana tsakiyar ruwa. Rukuni na biyu su karɓa su mayar da ita naitiret, wadda kifi ke jurewa, shuka kuma ke so. Irin aikin da danginsu ke yi wa takin yuriya a gonar masara ke nan.

Ba yawo suke a ruwa ba. Mannewa suke a bango, da tsakuwa, da soson matata, su zama wannan santsin da wasu ke bi da burushi da omo suna kankarewa da sunan tsabta. Kuma hayayyafarsu da nawa take: wasu bakteriya kan ninka kansu cikin minti 20, su kuwa sukan kwashe yini guda ko fiye. Shi ya sa sabon wuri ke ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su wadata, da sanyin hunturu ma ya fi haka.

Wannan jiran ne ya haifar da wata sana'a a Amurka da Turai, inda mutane ke ajiye kifin teku da murjani mai rai cikin akwatin gilashi a falo. Murjani da tsada, kuma ba ya jure yawan amoniya. Sai kamfanoni suka fara ɗura bakteriyar a kwalba suna sayarwa. Mai akwati zai haɗa ruwan gishirinsa, ya juye kwalbar, ya ɗiga amoniya da hannunsa tun babu kifi ko ɗaya, ya riƙa gwada ruwan kullum. Ranar da ya ga abin da ya ɗiga jiya ya ɓace, to akwati ya nuna. Dabarar mai kindirmo ce: a ɗebi ɗan tsohon nono a zuba a sabuwar madara don ta yi saurin kamawa.

Kwalaben farko sun sha ba mutane kunya. Nitrobacter ake zubawa, wadda littattafai suka daɗe suna cewa ita ke aiki na biyu. Sai a 1998 Timothy Hovanec da abokan bincikensa a Kalifoniya suka nuna cewa a akwatunan kifi na ruwan daɗi wata ce daban, Nitrospira, ke ɗauke da nauyin. A 2015 kuma masu bincike a Nijmegen ta ƙasar Holan suka gano, a cikin matatar wani wurin kiwon kifi, cewa akwai Nitrospira mai yin aikin biyu ita kaɗai.

Ni dai ban ga dalilin da mai kwami biyu a Gwaram zai nemi kwalbar waje ba. Wadda aka yi don ruwan teku ba irin ta ruwan tarwada ba ce, kuma abu mai rai da ya yi watanni a kan kantar shago cikin zafinmu, da wuya a same shi da sauran ƙarfi. Irin bakteriyar yana nan kusa: tsakuwa ko soson matata daga tsohon kwamin da kifinsa ke lafiya, a ɗauko a jiƙe a sa a sabon. A tabbatar da lafiyar tasu, don cuta ma ta nan take bi. Kafin nan a jiƙa simintin na makonni ana sauya ruwa, a fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan.

Mafi yawan masu kiwo a nan sauya ruwa suka dogara da shi, kuma yana aiki. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da injin ban ruwa kullum ya zama abin lissafi. Durom guda cike da tsakuwa, ruwan kwami na ratsawa ta ciki yana komawa, yana rage yawan sauyin, muddin ruwan bai tsaya ba, domin bakteriyar na cin oksijin da yawa.

Gishirin da masu kiwo ke barbaɗawa shi ma yana da tushe. Sinadarin kulorayid da ke cikinsa yana tare wa naitirait hanyar shiga jinin kifi, dalilin da ya sa masu akwatin ruwan teku ba su cika jin tsoronta ba. Amma gishiri ba ya taɓa amoniya. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwa da zarar kifi ya yi sanyi kuwa, da yawansu ba su bambanta mai cuta da mai aiki, haka ma ruwan famfo mai kulorin. Shi ya sa idan matata ta toshe, da ruwan kwamin ake ɗauraye ta.