Manhajar Kyauta Ce, Girka Ta Ne Aiki

A unguwannin cikin birnin Kano, irin su Yakasai da Mandawari, ana samun ɗalibai masu koyon rubuta manhajar kwamfuta. Kayan aikinsu, kamar Linux na 1991 da Git na 2005, ba a biyan ko anini a kansu. Wahalar tana wajen girkawa.

Ubuntu, wani nau'in Linux, fitowar 2024, nauyinsa ya haura gigabait 5. Ɗalibi ya sayi data, ya fara saukewa, yana tsaka da haka sai layi ya tsinke ko a ɗauke wuta. Ga shi kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. In ma an sauke, wani lokaci na'urar takan ƙi karɓa, ta kawo ƙorafi da Turancin da ko malamin Turanci bai gane shi.

A da kamfanin Canonical yakan aiko da faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya, amma ya daina a 2011. Yanzu wanda ya dace ya sauke, shi ke kwafa wa abokai a filashi. Marar irin wannan aboki yakan haƙura da Windows ɗin da ya tarar a kwamfutarsa.