Yadda Ƙaramar Mota Ta Koya Wa Babba Kama Ƙasa

Hausawa sun ce wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Direbobinmu da makanikai da ke nan Kudu sun san cewa gudu a miƙaƙƙiyar hanya ba wuya. A kwana ake sanin gwani, a nan kuma ake rasa rai.

Cikin 1957 wani Bature a Ingila, Fred Francis, ya fito da motocin wasa masu suna Scalextric. Kowace ba ta fi tafin hannu ba. Lantarki ke jan ta, akwai kuma ɗan ƙarfe a ƙarƙashinta da ke bin wani tsagi a kan titin. Masu wannan wasa suka ga da zarar an ƙara wuta a kwana sai motar ta yi tsalle ta bar tsagin. Sai suka shiga dabara: suka mai da nauyi ƙasa, suka sa tayoyin soso masu taushi, daga baya har da fukafukai don iska ta danne ta.

Ashe ciwon da ke damun manyan motocin tsere ke nan. Cikin 1966 Jim Hall na Amurka ya ɗora wa motarsa Chaparral babban fiffike. Cikin 1970 kuma ya sa wa wata fanka biyu masu zuƙe iskar da ke ƙarƙashinta, amma aka haramta ta.

Babban sirrin kuwa a jikin ƙaramar mota aka gano shi. Wani injiniyan kamfanin Lotus, Peter Wright, yana gwada 'yar ƙaramar siffar mota a ɗakin hura iska na Kwalejin Imperial da ke Landan, sai ya lura idan gefunanta suka kusanci ƙasa tana ƙara mannewa. Da aka toshe gefunan da kwali, sai abin ya ƙaru ƙwarai. Dalili shi ne, iskar da ta matsu a ƙarƙashi takan yi sauri, ƙarfinta ya ragu, ta sama kuwa ta danna motar. Daga nan aka ƙera Lotus 78, wadda ta fara tsere cikin 1977, kuma cikin 1978 Mario Andretti ya zama zakaran duniya a motar Lotus.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Gudu a kwana ya yi yawa, kuma in motar ta ɗan ɗaga, sai riƙon ya ɓace nan take. Saboda haka cikin 1983 aka tilasta wa kowa yin ƙasan mota a shafe. Sai 2022 aka sake yarda da dabarar.

Har yanzu manyan kamfanonin tsere suna gwada ƙaramar siffa kafin su ƙera babba. Don haka in ka ga yaro yana haɗa motar kara ko ta gwangwani, kada ka kore shi. Tambaye shi abin da ya sa take faɗuwa a kwana.