Malam Abdullahin Gwandu: Mutumin da Duniya Ba Ta Sa Wa Linzami Ba

A garin Gwandu akwai hubbaren da jama'a suke ziyarta daga kusa da nesa. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, ƙanen Shehu Usmanu. Shi ne tushen masarautar Gwandu, wadda Birnin Kabi da Kalgo da Jega suke cikinta. Kowa ya san shi da malanta da jarunta. Amma yana da wani hali da ya kamata a riƙa tunawa: mulki da dukiya ba su taɓa ɗaure shi ba.

Tashinsa

An haife shi a shekarar 1766. Ya fara karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsu. Da ya kai shekara 13 aka danƙa shi ga Shehu. Tun daga nan suka riƙa yawon wa'azi tare a Gobir da Zamfara da Kabi. Da aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. A wannan shekara kuma ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a Tabkin Kwatto. A 1805 ya ci Birnin Kabi, sa'an nan jama'ar Shehu suka zauna a Gwandu.

Ranar da ya bar runduna

A 1807 an fita yaƙin Alƙalawa, babban birnin Gobir. A hanya ransa ya ɓaci. Da yawa daga abokansa na farko sun riga sun yi shahada. Cikin waɗanda suka rage, ya ga wasu sun karkata ga neman sarauta da dawakai da manyan riguna. A ganinsa ba don haka aka yi hijira ba.

Sai ya bar rundunar, shi da mutum 5 kawai, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Sun kwana 3 a daji ba su ga kowa ba, sai sawun giwaye. Da suka isa Kano, mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu. Ya tausaya musu, ya tsaya. Ya karantar da tafsiri, ya kuma rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, wanda ya nuna wa shugabanni yadda ake mulki da adalci. Bayan haka ya komo gida.

Haƙuri a ƙofar Sakkwato

A 1812 Shehu ya ba shi kula da ƙasashen yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Da Shehu ya rasu a 1817, Malam Abdullahi ya taho Sakkwato. Ya tarar an rufe ƙofa, an riga an naɗa Bello. Abin ya yi masa zafi, amma bai zare takobi ba. Ya juya ya tafi.

Daga baya mutanen Kalambaina suka yi masa tawaye, Bello ya kawo masa gudunmawa. Da suka haɗu, Bello ya yi shirin sauka daga doki don girmama baffansa. Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Sarkin Musulmi. Da haka gaba ta mutu, zumunci ya rayu.

Malamin masu ƙaramin ƙarfi

A ƙarshen rayuwarsa ya bar yawancin aikin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu. Shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya riga ya rubuta babban tafsiri mai suna Liya'ut Ta'wili. Da ya ga ya yi wa wasu ɗalibai nauyi, sai ya rubuta wani gajere mai sauƙi, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, domin kada a bar mai ƙaramin sani a baya. Ya rasu a Gwandu a 1829.

Darasi

Wanda ya iya barin sarauta don gaskiya, ya iya haƙuri don zumunci, shi ne mai cikakken 'yanci. Gadon ƙasa da rigimar sarauta sun raba gidaje da yawa a karkara. Labarin Kalambaina ya isa abin koyi. Haka kuma dattijon da ya shiga ajin yaƙi da jahilci kada ya ji kunya, domin babban malamin Gwandu bai raina mai koyo ba. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.